Shin Zaɓin Yanayi Zai Iya Bayyana Halin Ɗan'adam?

Ɗaliba:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina karatun ilimin halayyar ɗan'adam, kuma a wannan zangon an shigo mana da wani reshe da ke ƙoƙarin bayyana tsoro da kishi da son 'ya'ya ta hanyar juyin halitta. Damuwata ita ce an fara mana gini ba a aza harsashi ba. Duk shafin da na buɗe sai in tarar an ce zaɓin yanayi ne ya samar da hali kaza, amma ban ga inda aka tsaya aka faɗi wane ne mai zaɓin ba, ko da me yake zaɓa, ko ta yaya abin da aka ce ya shafi bakin tsuntsu zai shafi abin da ke cikin zuciyar mutum. Ina roƙon wanda ya fahimci batun ya warware mini shi daga tushe.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kalmar zaɓi ita ce ta fara rikita ki, kuma ba ke kaɗai ba. Charles Darwin ya aro ta ne daga masu kiwo, waɗanda suke ware dabbar da suke so su bar ta ta hayayyafa, su hana sauran. A littafinsa na 1859, On the Origin of Species, ya nuna cewa irin wannan wariyar tana faruwa a daji ba tare da makiyayi ba, matuƙar abubuwa uku sun haɗu. 'Ya'yan jinsi ɗaya ba sa zama daidai da juna. Wani ɓangare na bambancin nasu ana gadonsa, shi ya sa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sannan ana haihuwar fiye da waɗanda abinci da wuri za su iya ɗauka, tunanin da Darwin ya samu a 1838 lokacin da ya karanta rubutun Thomas Malthus kan yawan jama'a. Idan siffar da aka gada ta sa mai ita ya bar 'ya'ya fiye da ɗan'uwansa, ko da da tazara kaɗan ne, siffar za ta yawaita a tsara mai zuwa. Wannan yawaitar ita ce ake kira zaɓin yanayi. Alfred Russel Wallace ma ya kai ga wannan fahimta shi kaɗai, aka karanta takardunsu tare a Landan a ranar 1 ga Yuli, 1858.

Ba labarin zamanin da ya shuɗe ba ne kawai, an auna shi da ma'auni. Peter Grant da matarsa Rosemary sun fara bin wasu ƙananan tsuntsaye masu cin iri a ɗan tsibirin Daphne Major da ke cikin tsibiran Galapagos na tekun Pasifik tun 1973, suna kama su, suna sa musu zobe a ƙafa, suna auna bakinsu. A 1977 aka yi fari mai tsanani, ƙananan iri masu taushi suka ƙare, manya masu tauri suka rage. Kusan kashi 85 cikin 100 na jinsin da suke bi suka mutu, kuma waɗanda suka tsira mafi yawansu masu kaurin baki ne da ke iya fasa iri mai tauri. Da suka hayayyafa, 'ya'yansu suka fito da baki mai kauri fiye da na tsarar da ta gabata da kimanin kashi 4 cikin 100. Bayan ruwan sama mai yawa na 1983, ƙananan iri suka dawo, sai rinjaye ya koma wa masu ƙaramin baki.

Ɗaliba:
Na gode, Malam. Ke nan tsuntsayen sun ga irin ya yi tauri, sai jikinsu ya ƙara musu kaurin baki domin su rayu?

Malamin Bayoloji:
A'a, kuma wannan ne kuskuren da ya fi kowanne yaɗuwa. Babu tsuntsu ko ɗaya da bakinsa ya ƙaru. Wanda aka haifa da ƙaramin baki da shi ya mutu. Abin da ya sauya shi ne lissafin garken gaba ɗaya, domin masu kaurin baki ne suka rage suka zama iyaye. Ra'ayin da kika faɗa ya fi kusa da na Jean-Baptiste Lamarck na 1809, wanda ya ɗauka cewa abin da dabba ta samu da ƙoƙarinta a rayuwa tana gadar wa 'ya'yanta. August Weismann ya yanke wutsiyar ɓeraye tsara bayan tsara, 'ya'yan ba su daina fitowa da cikakkiyar wutsiya ba.

Darwin kansa bai san yadda gado yake aiki ba. Gregor Mendel ya buga sakamakon gwajinsa kan wani nau'in wake a 1866, ba a kula da shi ba sai a 1900. Daga baya Ronald Fisher da J. B. S. Haldane da Sewall Wright suka haɗa gadon Mendel da zaɓin Darwin ta hanyar lissafi, kuma a 1953 aka gano siffar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado. Yanzu an san cewa sabon bambanci yana fitowa ne daga kurakuran da ke aukuwa wajen kwafar ƙwayoyin gado da kuma cakuɗuwarsu wajen haihuwa. Kuskuren ba ya duba buƙatar halitta kafin ya auku. Muhalli ne yake tace shi bayan ya auku.

Likita:
Malam, bari in ƙara da abin da muke gani a wajen aiki. Idan aka ba majiyyaci maganin kashe bakteriya, mafi yawan ƙwayoyin suna mutuwa, amma idan a cikin miliyoyinsu akwai 'yan kaɗan da suke da wani sauyi da ke kare su, su ne za su rage su cika wurin. Alexander Fleming ya yi gargaɗi kan haka tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Maganin bai koya musu juriya ba, ya share musu abokan gasa ne.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na amosanin jini, wato sikila. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai ɗauke da kwafi ɗaya na wannan ƙwayar gado, wanda muke kira AS, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Saboda haka ƙwayar ta yawaita a yankunan da zazzaɓin ya yi katutu, duk da cewa idan AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zama SS. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan yaron da ciwon ya tayar wa cikin dare ba zai ƙara ɗaukar zaɓin yanayi a matsayin abin da ke neman alherin halitta ba. Yana ƙirga yawan 'ya'yan da suka rayu ne kawai, ba ya ƙirga raɗaɗi. Ina so ɗalibarmu ta riƙe wannan kafin a shiga maganar hali.

Malamar Halayya:
Likita ya share mini hanya. Gadar da ke tsakanin bakin tsuntsu da zuciyar mutum ita ce ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta da ido, ƙwayoyin gado suna da hannu a gininta, kuma abin da take sa dabba ta yi yana shafar rayuwarta da haihuwarta. Dabbar da ke firgita da inuwar shaho ta ɓuya ta fi barin 'ya'ya a kan wadda ke tsayawa kallo. Darwin ya hango haka, domin a ƙarshen littafin 1859 ya ce nan gaba za a aza ilimin halayya a kan sabon harsashi, kuma a 1872 ya fitar da littafi guda kan yadda mutum da dabbobi suke bayyana fushi da tsoro da farin ciki a fuska. Reshen da kuke karantawa ya tsaya da ƙafafunsa ne da littafin The Adapted Mind na 1992, wanda Jerome Barkow da Leda Cosmides da John Tooby suka shirya.

Da'awarsu ba ita ce an gaji wani aiki takamaimai ba. Abin da suke cewa an gada shi ne shirin koyo da karkata, wato ƙwaƙwalwa ba ta zuwa duniya kamar allon da ba a taɓa rubutu a kai ba. Gwaji biyu ne suka gamsar da ni. A 1966 John Garcia da Robert Koelling suka ba ɓeraye ruwa mai ɗanɗano tare da haske da ƙara. Waɗanda aka sa wa tashin zuciya bayan sun sha sun guji ɗanɗanon, ba su damu da hasken da ƙarar ba. Waɗanda aka ɗana wa lantarki a ƙafa sun guji hasken da ƙarar, ba su damu da ɗanɗanon ba. Kafin wannan, masana da yawa sun ɗauka ana iya haɗa kowace alama da kowane sakamako daidai wa daida. Ashe ɓera yana zuwa da shirin danganta ciwon ciki da abin da ya ci, wanda shi ne ya dace da dabbar da ke ɗanɗana duk abin da ta tsinta.

Na biyu shi ne aikin Susan Mineka da Michael Cook a shekarun 1980. Biran da aka haifa a ɗakin gwaji ba sa tsoron maciji. Da aka nuna musu bidiyon wani biri yana firgita da maciji, nan da nan suka koyi tsoron. Da aka gyara bidiyon ya zama kamar fure ne yake firgita birin, ba su koyi tsoron fure ba. Tsoron ba a haife su da shi ba, amma an haife su da saurin koyonsa. Ki kwatanta da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin mota yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, saran maciji kuwa tsakanin 81,000 da 138,000. Amma mutum zai tsallaka titi yana duba waya, ya ga igiya a ciyawa ya daka tsalle. Maciji ya daɗe tare da kakanninmu, mota kuwa ba ta kai shekara 150 ba.

Dattijo:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina da damuwa biyu da ba zan ɓoye ba. Ta farko, mu mun yi imani Allah ne Ya halicci mutum, kuma abin da muka saba ji shi ne wannan ilimi yana cewa daga biri muka fito. Ta biyu ta fi damuna a aikace. Idan aka koya wa matasa cewa kishi da zalunci da son kai gado ne daga kakanni, gobe wanda ya ci amana zai ce hali zanen dutse ne, ba laifinsa ba ne. Me ya rage na tarbiyya ke nan?

Malamin Bayoloji:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Zan faɗi abin da ilimin yake cewa kamar yadda yake, ba tare da na rage ko na ƙara ba. Masana ba su ce biran da muke gani yau su ne kakannin mutum ba. Abin da suke cewa, bisa ƙasusuwan da aka tono da kwatanta DNA, shi ne mutum da birin da ake kira cimfanzi sun haɗa kaka ɗaya kimanin shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kuma a kan wannan kusan bakinsu ɗaya ne. Yadda wannan zai zauna da abin da nassi ya faɗa game da Annabi Adamu, alaihis salam, magana ce da malaman addini suka tattauna suka kuma saɓa a kanta, kuma su ya kamata a tambaya, ba ni ba. Abin da zan iya cewa daga fagena shi ne idan muka ce zaɓin yanayi ba shi da niyya, muna siffanta yadda abin yake gudana ne, kamar yadda mai bayanin ruwan sama yake maganar tururi da gajimare ba tare da ya yanke hukunci kan Wanda Ya saukar da shi ba. Akwai masu imani da yawa da ke aiki a wannan fage. Kuma lura da gwagwarmayar halittu tsohon abu ne: Al-Jahiz na Basra, a ƙarni na 9, ya yi bayani a Kitabul Hayawan kan yadda dabbobi suke cin juna suke kuma neman tsira daga masu cinsu, kodayake bai kai ga ƙa'idar zaɓin yanayi ba, kuma ba daidai ba ne a jingina masa ita.

Malamar Halayya:
Damuwarka ta biyu, Baba, ita ce ta fi cancantar a daɗe a kanta, domin an taɓa yin ɓarnar da kake tsoro. Herbert Spencer ne ya ƙirƙiro kalmar nan ta wanzuwar wanda ya fi dacewa a 1864, wasu suka ɗauke ta a matsayin izinin danne mai rauni. Francis Galton ya raɗa wa aƙidar tace iri, wato zaɓen mutanen da za su haihu da hana sauran, suna a 1883, kuma a Amurka an yi wa mutane fiye da 60,000 aikin hana haihuwa da ƙarfin doka, har Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da hakan a 1927. Abin da aka yi a Jamus a zamanin Nazi ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Duk sun faɗa rami ɗaya ne, wanda David Hume ya yi nuni da shi tun a ƙarni na 18: sanin yadda abu yake ba ya gaya maka yadda ya kamata ya kasance. Zazzaɓin cizon sauro ma daga yanayi yake, ba wanda ya ce a bar shi.

Sannan gado ba ya nufin abin ba ya tanƙwaruwa. Kanta a tafin hannu misali ne mai kyau: fata tana da shirin yin kauri, amma sai an goge ta da aiki take yi. Haka karkatar zuciya take, tana jiran abin da muhalli da tarbiyya za su yi da ita. Ƙwaƙwalwar da ke iya fushi ita ce kuma ke iya haɗiye shi, ita ce ke jin kunya, ita ce ke koyon doka. Kuma kada a manta cewa wannan ilimin ya fi ɓata lokaci wajen bayyana taimako a kan bayyana zalunci. William Hamilton ya nuna a 1964 cewa ƙwayar gado da ke sa halitta ta sadaukar domin danginta za ta iya yaɗuwa, saboda dangin suna ɗauke da kwafinta: rabi tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya cikin takwas tsakanin 'ya'yan wa da ƙani. Robert Trivers kuma a 1971 ya bayyana yadda taimakon wanda ba dangi ba zai ɗore idan ana ramawa kuma ana gane mai ci bai biya ba. Wannan ba ya nufin uwa tana lissafi kafin ta shayar da ɗanta. Ƙaunarta gaskiya ce. Ernst Mayr ya raba tambayoyin biyu a 1961: akwai dalili na kusa, wato abin da take ji a ranta, akwai kuma dalili na nesa, wato abin da ya sa irin wannan ji ya wanzu a jinsin tun farko.

Dattijo:
Bayanin kanta ya shige ni, Malama. Batun farko zan kai shi ga malamai kamar yadda Malam ya ce. Ku ci gaba, ina biye.

Mai Nazari:
Ina neman afuwar Malama, amma ina ganin an nuna wa ɗalibar gefen da ya fi ƙarfi ne kawai. Matsalata da wannan reshe ita ce sauƙin ƙirƙiro labari. Idan maza sun fi son kaza, sai a ce ya taimaki kakanni wajen farauta. Da an samu akasin haka, da an samo wani labarin da zai dace. Stephen Jay Gould da Richard Lewontin sun yi wannan sukar a 1979, suka ce ba kowace siffa ce aka zaɓa domin amfaninta ba. Cibiya ba ta da aikin da take yi, tabon igiyar da ta ciyar da ɗan tayi ce. Jini ja ne saboda sinadarin da ke ɗaukar iska, ba don jan yana da amfani ba. Wasu siffofin kuma sun yaɗu ne bisa tsautsayi a cikin ƙaramar al'umma. Grant da matarsa sun auna baki kafin fari da bayan fari. Wa ya auna kishin mutanen da suka rayu shekaru 200,000 da suka wuce? Hali ba ya barin ƙashi a ƙasa.

Ga kuma batun waɗanda ake gwajin a kansu. Joseph Henrich da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa kimanin kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi nazari a kansu a manyan mujallun ilimin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 cikin 100 kacal na al'ummar duniya, kuma da yawansu ɗaliban jami'a ne. Ta yaya za a gwada waɗannan a ce an gano halin ɗan'adam?

Sannan ana yawan cewa ƙwaƙwalwarmu ta tsaya a zamanin farauta da tsince-tsince, tunda jinsinmu ya kai kimanin shekaru 300,000 bisa ƙasusuwan Jebel Irhoud na Maroko, noma kuwa bai wuce shekaru 12,000 ba. Amma iya narkar da madara bayan yaye ya yaɗu a tsakanin makiyayan Turai da na gabashin Afirka cikin ƙasa da shekaru 10,000, kuma ta sauye-sauyen gado daban-daban. Ashe juyin bai tsaya ba.

Malamar Halayya:
Babu abin neman afuwa, ɗan'uwa, domin mafi yawan abin da ka faɗa na yarda da shi, kuma ina faɗa wa ɗalibaina. Inda muka rabu shi ne ni ban ɗauki sukar a matsayin dalilin rufe fagen ba, na ɗauke ta a matsayin ma'aunin da za a riƙa tace shi. Bayanin juyin halitta hasashe ne har sai ya faɗi wani abu da ba a sani ba tukuna, wanda za a iya gwadawa ya kuma iya faɗuwa. Gwajin biran nan ya cika wannan sharaɗi: da sun koyi tsoron fure kamar yadda suka koyi na maciji, da hasashen ya rushe a ranar.

Ga wani da har yanzu ake ja-in-ja a kansa, domin ɗalibarmu ta ga yadda gardamar take a aikace. Peter Wason ya ƙirƙiro wani gwaji a 1966. Ana ajiye kati huɗu, kowanne da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗaya fuskar, ana ganin A da K da 4 da 7. Doka ta ce duk katin da ke da wasali, lambar bayansa tana rabuwa biyu daidai. Waɗanne za ka juya ka tabbatar ba a karya dokar ba? Yawancin mutane suna cewa A da 4, alhali amsar A da 7 ce, domin wasali a bayan 7 ne zai karya dokar, abin da ke bayan 4 kuwa ba ruwan doka da shi. Cosmides ta nuna a 1989 cewa idan aka mai da dokar ta zama ta cin amfani da biyan haƙƙi, misali duk wanda ya ɗauki kaya sai ya biya, mafi yawan mutane suna ganewa nan take cewa wanda ya ɗauka da wanda bai biya ba su ne abin bincike. Ta fassara wannan da cewa muna da shiri na musamman na gano macuci, kamar yadda ra'ayin Trivers ya hango. Dan Sperber da abokansa kuma suka nuna a 1995 cewa ana iya samun amsa daidai ba tare da maganar macuci ba, idan aka tsara labarin yadda karya dokar zai zama shi ne abin da hankali ke nema. Sakamakon Cosmides yana nan, fassararsa ce ba a gama daidaitawa ba.

Mai Nazari:
Wannan adalci ne, Malama. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake kwaso irin wannan sakamako a yaɗa shi kamar an rufe magana, musamman idan ya shafi maza da mata.

Ɗaliba:
A nan ne ma tambayata ta ƙarshe take. An koya mana cewa kishin namiji da na mace sun bambanta saboda juyin halitta, kuma an faɗe shi ne kamar abin da ba a jayayya a kansa. Idan na bi ma'aunin da Malama ta bayar, me hasashen ya hango, kuma ya tsaya ko ya faɗi?

Malamar Halayya:
Tushensa takardar Trivers ce ta 1972 kan abin da kowane ɗaya cikin iyaye yake zubawa a kan ɗa. Mace tana ɗaukar ciki wata tara, tana shayarwa, kuma ba ta shakkar cewa ɗan nata ne. Namiji kuwa, a zamanin da babu gwajin jini, ba shi da wannan tabbacin. Daga nan aka hango cewa namiji zai fi jin zafin cin amanar jiki, mace kuma za ta fi jin zafin karkatar zuciyar miji zuwa wata, domin kulawarsa da dukiyarsa suna bin zuciyarsa. David Buss, wanda a 1989 ya tambayi mutum fiye da 10,000 a al'ummomi 37 kan abin da suke nema ga abokin aure, ya gwada wannan a 1992. Ya sa ɗalibai su zaɓi wanda ya fi ɓata musu rai cikin biyun, kimanin kashi 60 cikin 100 na maza suka zaɓi cin amanar jiki, mata kuwa kashi 17 ne suka zaɓe shi. An maimaita gwajin a ƙasashe da dama, bambancin ya sake fitowa ta wannan fuskar, kodayake girmansa yana sauyawa sosai daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ga inda ya yi rauni. A wasu ƙasashen mafi yawan mazan ma karkatar zuciya suka zaɓa. David DeSteno da Christine Harris, kowannensu a nasa aikin, sun nuna cewa idan aka daina tilasta wa mutum zaɓen ɗaya, aka ce ya auna zafin kowanne shi kaɗai, bambancin yakan ragu, wani lokaci ya ɓace. Harris ta kuma tambayi waɗanda abin ya taɓa faruwa da su da gaske, ba waɗanda aka ce su ƙaddara ba, ta tarar maza da mata duk sun fi mai da hankali kan karkatar zuciyar. Akwai kuma mai cewa amsar tana bin abin da mutum ya ɗauka ne: idan mace ta ɗauka cewa namijin da zuciyarsa ta tafi jikinsa ma ya tafi, zaɓenta na karkatar zuciya ya haɗa duka biyun ke nan.

Saboda haka idan za ki rubuta a jarrabawa, ki rubuta cewa bambancin yana fitowa a kai a kai a tambayar zaɓi ɗaya cikin biyu, yana raunana a wasu hanyoyin aunawa, kuma masana ba su daidaita kan ko zaɓin yanayi ne ya sassaƙa shi kai tsaye ko kuwa yadda kowane jinsi yake fassara halin ɗayan ne ya haifar da shi ba. Ki nemi takardar Buss ta 1992 da sharhin Harris na 2003 ki karanta su a jere, ki lura da irin tambayar da kowannensu ya yi wa mutane da kuma su wane ne aka tambaya.